CI NAKA IN CI NAWA: ABIN DA TEBURIN ITALIYAWA YA TUNA MINI GAME DA CIYAYYAR GARINMU

Ina godiya ga hukumar wannan mujalla da ta ba ni fili domin in bayyana ra'ayina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙasar Italiya a tsakaninmu matasa, abu biyu ne ke fara faɗo mana a rai. Na farko ƙwallon ƙafa, musamman tun da Victor Osimhen ya taimaka wa ƙungiyar Napoli ta ɗauki kofin ƙasar a 2023, bayan ta yi shekara 33 tana nema. Na biyu kuwa taliya, wadda babu ɗakin ɗalibin da ba a dafa ta, kuma jama'a da dama suna danganta sunanta da sunan ƙasar. Dattawa sukan ƙara da kamfanonin gine-gine, domin kuwa Italiyawa ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968, da ta Bakolori da aka gama a 1978.

Wani kawuna ya yi direban tifa a wani kamfanin Italiyawa mai aikin hanya tun kafin a haife ni. Har yanzu idan hira ta yi daɗi a ƙofar gidanmu a Zadawa, yakan ba mu labarinsu. Abin da ya fi ɗaure masa kai game da su, in ji shi, shi ne cin abinci. Yakan ce mutanen nan ba su wasa da aiki, amma da ƙarfe ɗaya na rana ta yi, ko da kwalta tana tafasa, sai a kashe injina. Su wanke hannu, su zauna a dogon teburi gaba ɗayansu, babba da yaro, su yi ta ci suna surutu da hannuwa kamar masu faɗa. Bai taɓa ganin ɗayansu ya ɓuya a mota ya ci shi kaɗai ba. Kullum da abin da yake rufe labarin: “Ashe su ma suna ciyayya.”

Wannan magana ta kawu ita ta sa na bibiyi yadda mutanen nan suke zamansu na yau da kullum. Ra'ayina bayan haka shi ne: Italiyawa ba su fi mu kyawawan al'adun zaman tare ba, abin da suka fi mu shi ne sanin darajar nasu. Mu kuwa muna kallo ciyayya tana mutuwa a hannunmu, tana kuma tafiya da wani sashe na harshen da muka zo jami'a mu karanta.

Yinin Ba'italiye

Ba'italiye ba ya cika cikinsa da safe. Yawanci yakan tsaya a shagon gahawa na unguwarsu, ya sha ɗan ƙaramin kofi a tsaye da ɗan burodi mai zaƙi, ya gaisa da mai shago da waɗanda ya tarar, ya wuce aiki. Wannan shago kusan matsayinsa ɗaya da teburin mai shayi a wurinmu, nan ake jin wanda ya kwana da wanda ya tashi. A birnin Napoli akwai wata tsohuwar ɗabi'a da suke kira caffè sospeso, wato gahawar da aka rataye. Mutum zai sha kofi ɗaya ya biya kuɗin biyu, ya tafi abinsa. Idan wani marar hali ya shigo ya tambaya, sai a ba shi wancan na biyun. Wanda ya biya bai san wanda ya sha ba, wanda ya sha bai san wa zai gode wa ba, saboda haka babu gori, babu jin kunya.

Abincin rana shi ne babba a al'adarsu. A ƙananan garuruwa, musamman na kudancin ƙasar, har yanzu shaguna da yawa sukan rufe daga misalin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Ana fara cin taliya ko shinkafa, sannan nama ko kifi da ganye, a rufe da 'ya'yan itace. Ranar Lahadi kuwa 'ya'ya da jikoki sukan hallara a gidan kaka, a yi awanni a kan teburi. Ƙididdigar ƙungiyar OECD ta nuna cewa Ba'italiye yakan ɓatar da kimanin awa biyu a kullum wajen ci da sha, alhali Ba'amurke kimanin awa ɗaya ne.

Idan rana ta yi sanyi sai a fito abin da suke kira passeggiata. Mutane su yi wanka, su sa tufafi masu kyau, su yi ta kai da kawowa a hankali a babban titin gari ko dandalinsa, ba tare da wani wurin zuwa ba. Manufar kawai a ga juna, a gaisa, tsofaffi su zauna a benci suna kallon masu wucewa. Gaisuwarsu ma tana da matakai. Suna da wakilin suna na girmamawa, Lei, wanda ake yi wa babba ko baƙo, da kuma tu na sa'a da abokin wasa, kusan yadda muke ce wa dattijo “ku” maimakon “kai”. Kalmar nan ciao da duniya ta ara, asalinta daga karin harshen mutanen Benis ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce “bawanka ne”. Duk wanda ya taɓa jin yadda talaka ke gaida Sarkin Katagum a fadarsa ta Azare ba zai yi mamakin wannan ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da suka yi lokacin da suka ga waɗannan ɗabi'u suna fuskantar barazana. A 1986 kamfanin McDonald's na Amurka ya buɗe shago a tsakiyar birnin Rum, kusa da dandalin da ake kira Piazza di Spagna. Wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini, mutumin ƙaramin garin Bra, shi da abokansa suka ƙi yarda da cin abinci a gurguje. Daga nan aka samu ƙungiyar Slow Food, ma'ana ci a natse, wadda aka ƙaddamar da ita ga duniya a birnin Faris a 1989, alamarta kuma dodon koɗi. Sun shiga ƙauyuka suna rubuta sunayen abinci da iri da dabarun girki da ke shirin ɓacewa. A 2004 suka buɗe jami'a sukutum a Pollenzo domin nazarin abinci da al'adunsa, a 2022 kuma suka zaɓi ɗan Afirka, Edward Mukiibi na Yuganda, ya shugabanci ƙungiyar.

Bugu da ƙari, a 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin cimakar mutanen gaɓar Bahar Rum cikin kayan gadon ɗan'adam bisa roƙon Italiya da Sifen da Girka da Maroko, kuma cin abinci tare yana cikin manyan hujjojin da aka kafa. A 2017 aka ƙara da sana'ar masu gasa fiza ta Napoli. Mu ma muna da namu a wannan kundi: bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024. Abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai mai karatu ya lura, namu bukukuwa ne da ake jira shekara ta zagayo kafin a gani. Su kuwa abin da uwa take yi a madafa kullum, da abin da mai tanda yake yi a bakin titi, shi suka ɗauka suka nuna wa duniya.

Ciyayyar Ƙofar Gidanmu

Lokacin da nake yaro, da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dattijon layinmu. Magidanta shida ne, wani lokaci bakwai. Kowane gida yaro zai fito ɗauke da kwano ko akushi an rufe da faifai, wani na biye da kwanon miya, wani da buta. A jera su a gaba. Ba a cewa wannan na wane ne. Dattijo ya jawo ɗaya ya buɗe, a yi bisimilla, a sa hannu. In an ci an rage sai a ture, a jawo na biyu. Yau tuwon dawa da miyar kuka daga wannan gida, biski da yakuwa daga wancan, wata rana dambu ko tuwon gero da karkashi. Baƙon da dare ya yi masa a hanyar Azare, da ya yi sallama ya samu wurin zama. Mu yara muna gefe muna jiran suɗi.

Sai da na girma na gane aikin da wannan zama yake yi. Ran da kwanon wani gida bai fito ba, babu mai tambaya a bainar jama'a, kuma mai gidan zai ci ya ƙoshi kamar kowa. Idan abin ya kai kwana biyu, da asuba za a ga an aika da kwanon hatsi ta hannun mata, a ce na kunun yara ne. Ka ga ke nan tamu gahawar da aka rataye. Wanda aka ga bai fito ba kuwa, kafin isha'i an leƙa an gano ko ba shi da lafiya. Rigimar iyakar gona, maganar auren wance, gyaran rufin masallaci, duk a nan ake kashe su kafin su kai gaban mai unguwa. Yana da wuya mutum ya kai ƙarar wanda za su haɗa hannu a kwano ɗaya da daddare. Addininmu ma ya kwaɗaitar da haɗuwa a kan abinci, ya nuna cewa albarka tana tare da yawan hannuwa.

A hutun da ya wuce na tarar mutum biyu ne kawai suke fitowa, su ma ba kullum ba. Huɗu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, 'ya'yansu da suka gaje gidajen kuma kowa a ɗakinsa yake ci, gaban talabijin ko waya a hannu. Mu da muke makaranta ba mu tsira ba. A ɗakinmu mu huɗu ne, risho huɗu, tukunya huɗu, kowa da kwaɗo a akwatin abincinsa. Mutum zai jira sai 'yan ɗaki sun fita lacca sannan ya ɗora Indomie. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: ci naka in ci nawa ba rowa ba ne, mugun zama ne.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Wani zai ce wannan magana ta masu nazarin zamantakewa ce. To ni dai a bakin kwanon nan na koyi Hausa. A cikin gidanmu Fillanci ake yi, da shi na buɗe baki. Kai kwano ƙofar gida da zaman jiran suɗi su suka sa kunnena ya saba da Hausar Guddiri ta dattawa, da karin maganarsu, da habaici, da yadda ake yi wa babba musu ba tare da an ce masa ya yi kuskure ba. Babu littafin nahawun da ya koya mini wannan.

Mu ɗauki kalmar “santi”. Mutum ba ya santi shi kaɗai. Sai da jama'a, sai abinci ya yi daɗi wani ya saki baki ya faɗi abin da bai da kai, a kwashe da dariya a ce a riƙe shi kada santi ya kwashe shi. Idan kowa a ɗaki yake ci, wa zai kama wani da santi? Haka “suɗi”, da “tanɗe”, da “gaya”, da “malmala”, da “mara” ta kwasar tuwo, da “ƙoshiya”. Na gwada tambayar 'yan ajinmu goma, waɗanda Hausa ce harshensu na uwa, bambancin akushi da ƙwarya. Uku ne suka amsa daidai. Karin maganar nan da ke cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, yaron da bai taɓa ganin hannu biyar a kwano ɗaya ba haddace ta kawai zai yi domin jarrabawa.

A nan ma akwai abin dubawa a Italiya. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin da aka haɗe ƙasar a 1861, waɗanda ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci ba su kai uku cikin ɗari ba, kowane yanki da nasa karin harshe. Makaranta da aikin soja da rediyo da talabijin su suka yaɗa daidaitaccen harshe. Duk da haka, binciken hukumar ƙididdigar ƙasar na 2015 ya nuna cewa kusan mutum 46 cikin ɗari suna amfani da karin harshen yankinsu a cikin iyali, ko dai shi zalla ko a gauraye. Wato a gida, inda ake haɗuwa a ci abinci, nan karin harshe ya samu mafaka. Mu a aji Daidaitacciyar Hausa muke koyo, a waya kuma Hausar finafinan Kano da Ingausa muke ji. Idan majalisar dattawa ta watse, a ina Guddiranci zai fake?

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Na tattauna wannan batu da abokai, kuma sun kawo hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba.

Na farko suka ce talauci ne ya kashe ciyayya, musamman tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mutumin da bai ciyar da 'ya'yansa ba, yaya zai fitar da kwano? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma dattawan da suka riƙe ciyayya sun ga farin 1973 da na 1984, kuma a cewarsu a lokacin ne ma ta fi amfani. Abin da na lura da shi a layinmu shi ne, gidajen da suka fara janye kwanonsu ba su ne mafiya talauci ba. Waɗanda suka samu ne, suka ga shinkafarsu da nama ta fi ƙarfin a haɗa ta da tuwon maƙwabci. Daga nan marar hali ya fara jin kunyar fito da nasa.

Na biyu maganar tsafta, ganin yadda kwalara take ɓulla da damina. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma maganinta sabulu da ruwa mai kyau, in ta kama ma kowa ya ɗebi nasa a faranti. Italiyawa kowa da farantinsa, kuma tare suke ci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na uku wata 'yar ajinmu ce ta kawo shi, kuma ya fi sauran yi mini nauyi. Ta ce ku maza kuna kewar ciyayya ne domin ba ku ne kuke daka da tuƙi ba. Matar da ta yini a gaban murhu ita ce ta ƙarshen ci, kuma idan miyarta ba ta yi daɗi ba, gari ya ji. Ban da amsar da ta wuce in ce ta yi gaskiya. Mata suna da tasu ciyayyar a cikin gida, da aiken ɗan kwano tsakanin maƙwabta, amma wahalar ba a raba ta daidai ba. Idan za a farfaɗo da al'adar, dole a duba wannan, kuma mu samari da muka iya ɗora tukunya a makaranta ba mu da hujjar mancewa idan mun koma gida.

Na huɗu suka ce me ya sa sai Turawa za su koya mana? Ban ce mu zama Italiyawa ba. A teburinsu akwai giya da naman alade, waɗanda ba namu ba ne. Suna da nasu matsaloli manya: haihuwa ta ragu har jariran da aka haifa a 2022 ba su kai 400,000 ba a ƙasa mai mutum kusan miliyan 59, wasu ƙauyukan Sisili sun koma sayar da kangayen gidaje a kan Yuro ɗaya saboda matasa sun gudu birni. 'Yan Afirka da suka bi ta Agadas da Libiya suka tsallaka teku, da yawansu suna tsinkar tumatir a gonakin kudancin ƙasar cikin wulaƙanci, babu wanda ya jawo musu kujera a wancan teburi. Abu ɗaya na ce mu ara, shi ne rashin raina abin gida.

Abin Da Za Mu Iya Yi

A Jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli an daɗe ana koyar da Hausa, Farfesa Sergio Baldi ma ya wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci. Bayanin da ake yawan kafa hujja da shi kan yadda birnin Katagum yake a 1824 daga alƙalamin baƙo Hugh Clapperton ya fito. Rayuwar Baba ta Karo, wadda ta zama madubin zaman matan Hausawa, Mary Smith ce ta rubuta ta aka buga a 1954. Ba laifi ba ne baƙo ya rubuta mu, amma abin kunya ne a ce kullum sai baƙo.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ɗaya, masu neman batun kundin digiri su waiwayi rayuwar yau da kullum. An yi rubutu mai yawa a kan aure da haihuwa da naɗin sarauta. A samu wanda zai zauna da dattawan Zadawa ko Madara ko Chinade ya naɗi hirar ciyayya da wayarsa, da izininsu, ya fitar da kalmomi da salon maganar da ke ciki. A samu ɗaliba ta shiga wurin tsofaffin mata ta tattaro sunayen miya da kayan girki da yadda ake sarrafa su. Biyu, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta ware dare ɗaya a wata, kowane ɗaki ya fito da abin da ya dafa, ko da garau-garau ne ko taliya da manja da yaji, a shimfiɗa tabarma, a ajiye waya, a gayyaci 'yan sauran sassa da waɗanda Hausa ba harshensu ba ce. Makon Hausa da muke sa babbar riga mu hau doki sau ɗaya a shekara yana da kyau, amma bai isa ba. Uku, idan muka je hutu, mu ne za mu ɗauki kwano mu fita, mu zauna kusa da dattawan da suka rage.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai karatu, ban ce komai na da shi ne daidai ba, ban kuma ce zamani zai koma baya ba. Na dai ga mutanen da suka ƙera Ferrari da Fiat ba su ji kunyar kashe inji domin su ci abinci tare ba, sai na tambayi kaina dalilin da ya sa mu muke ganin fito da kwanon tuwo ƙauyanci ne. Daren da zan dawo makaranta na ɗauki kwanon gidanmu na kai wa tsofaffin nan biyu. Ɗayansu ya buɗe faifai, ya dube ni ya ce, “Ɗan boko, ashe ba ka mance hanya ba.” Muka ci, kawu ya sake ba mu labarin Italiyawansa, har aka kama shi da santi.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, filin mujallar nan a buɗe yake, ina maraba da gyara. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a karatunmu, amin.